Anzar Inna Alheri

A unguwar da ke bayan kasuwar bisashe ta Dakoro babu wanda bai san Inna Alheri ba, kuma duk wanda ya san ta ya san ra'ayinta a kan rumbu, domin ba ta jira a tambaye ta. A ganinta duk wahalar da ɗan Adam yake sha daga rumbu ta samo asali. Takan zauna bakin ƙofar ɗakinta tana tsinkar ganye, ta jero maka zancen daki-daki. Mutum ya gina rumbu ya tara hatsi, ɓarawo ya samu sana'a. Saboda ɓarawo aka yi danga, aka ƙera makulli. Wanda ya fi kowa rumbuna ya zama sarki, sarki ya nemi dogarai, dogarai kuwa ba iska suke ci ba, sai aka yanka wa talaka haraji.

"Kahin a yi rumbu wa ka aiken wani?" in ji ta. "Kowa shi tashi da sahe shi shiga daji, shi ci abin da Allah ya aje mishi, shi ba maƙwabci saura tunda ba shi da wurin ɓoyo. Ran da mutum ya shibka hatsi, ran nan ya ɗaure ƙahwarshi da kanshi."

Abin da ke ba mutane dariya shi ne ɗanta na fari, Alhaji Sa'adu, hatsi yake sayarwa. Mangazarsa, wato shagon hatsinsa, tana bakin kasuwa, buhuna har rufi, motoci suna ɗauka zuwa Maraɗi, wasu su ƙetara Najeriya. Wato matar da ta fi kowa ƙin rumbu ita ta haifi mai rumbu mafi girma a unguwar. In an tsokane ta da wannan sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru, domin uwa ba ta zancen ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa gaban jama'a, ko doguwar magana ba ta yi da shi. Inna Alheri ta raina sarauta da haraji da katanga, amma wannan doka guda ta riƙe ta gam.

An haife ta a wata 'yar tunga kusa da Azagor, cikin kwarin Tarka, inda gonaki ke ƙarewa makiyaya ta fara. Gonar ubanta ba ta taɓa kai su ƙarshen shekara ba, daji ne ke cike musu giɓin. Tun tana ƙarama ta san lokacin aduwa da na magarya, ta san ganyen jiga da yaɗiya da gasaya, ta iya kamun fara da sanyin safiya kafin rana ta buɗe musu fuka-fuki. Ta auri Jimrau, maharbi mai karnuka da sanda, mutum mai yawan dariya wanda fartanya ba ta taɓa zama da kyau a hannunsa ba. Ba su daɗe da aure ba aka yi babbar yunwar nan da tsofaffi har yau ba su son tunawa. Tungar ta watse. Yawancin mutane suka yi kudu neman taimako, su kuwa da wasu 'yan gidaje suka nausa daji.

Ba ta yi wa wannan shekara ado. Ta ga an binne yara, ta sha kwana ciki ba komai. Amma in zance ya yi nisa takan rage murya ta faɗi abin da wasu ke ganin bai dace a faɗa ba: tunda take ba ta taɓa jin jikinta sakayau kamar lokacin ba. Babu mai gari, babu mai zuwa karɓar haraji, babu gonar da za a tsare. In Jimrau ya kashe zomo ko zabon daji, naman yakan zaga kowane gida ba tare da wani ya ba da umarni ba. Matan Abzinawa suka koya mata sharar 'ya'yan ciyawa da tonon gidan tururuwa a kwashi tsabar da suka tara. Sai kuma anza, wadda ita ta riƙe su gaba ɗaya.

Anza ɗan itace ne da ba ya rabuwa da ganye ko da rani ya yi tsanani, 'ya'yansa kuma suna nuna da bazara, daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Ƙwayar tana da ɗaci mai cutarwa. Sai an shanya ta, an ɓare, an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ana sake wani, sannan a dafa ta kamar wake. Kowa a ƙasar ya ci ta a wannan shekara, kowa kuma ya rantse in ruwa ya dawo ba zai ƙara kallonta ba. Ban da Alheri. Ita daɗinta take ji, kuma ba ta ga abin kunya a ciki ba.

Ruwa ya dawo, mutane suka koma gonakinsu, mai karɓar haraji ma ya dawo bai yi makuwa ba. Aka haifi Sa'adu, aka haifi ƙannensa. Jimrau ya rasu yaran ba su gama girma ba. Sa'adu ya fara da dakon buhu a kasuwar Sabon Maci, ya koma awo da tiya, har Allah ya ɗaga shi. Abu na farko da ya yi da hannunsa ya buɗe shi ne ya ɗauko uwarsa ya kawo Dakoro, ya gina mata ɗakin siminti mai rufin kwano, da katifa da fanka, da pampo a tsakar gida.

Gaskiya dai pampon ya shiga ranta, ko da yake ba ta yarda a faɗa. Shayinta ma sai ya ji sukari har ya yi kauri, kuma kwaɗon yaɗiyarta ba ya yiwuwa sai da ƙuli-ƙuli, alhali kowa ya san gyaɗa ba a daji ake tsintarta ba. Surayya, matar Sa'adu, wadda ke koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ita ce ta fi kowa kama ta da irin wannan, domin jininsu ya haɗu tun ranar farko. Wata rana ta ce da ita:

"Inna, kin san kina da 'yan uwa ƙasar Nasaru? Akwai masu rubuta littahi guda kan maganar ga taki. Sun ce birni da gwamnati da noma duk tarko na, a bar su, a koma harbi da tsintar 'ya'yan itace."

Fuskar Inna Alheri ta cika da fara'a. "To sun koma dajin?"

"Yawancinsu dai cikin gari suke rubutun."

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ashe ko 'yan uwana na. Ni ma ga ni bisa katihwa. In kin samu mai zuwa can ki ce ina gaishe su."

Duk da katifar, daji bai sake ta ba. Da an yi sallar asuba takan ɗauki ƙwarya da ƙugiya ta bi ta lungu, ta wuce gonakin ƙarshe, ta dawo da hantsi da abin da ta samu. Ganye da aduwa ba su dami kowa ba, tsofaffi da yawa suna yi. Rikicin ya zo ne wata bazara da ruwa ya yi jinkiri, hatsi ya yi tsada, idon kowa yana kan masu mangaza. A wannan shekara anza ta yi 'ya'ya kamar ba za ta ƙara yi ba, ran Inna Alheri ya biya, ta dinga cika ƙwarya tana kawowa.

Ta shanya, ta ɓare, ta jiƙa cikin baho kusa da pampo. Safe da yamma tana tuntsurar da ruwan ɗacin, shi kuwa ya bi rariya ya fita lungu da warinsa. Mutanen Dakoro sun san wannan wari. Wanda ya haura shekara arba'in ba sai an gaya masa ba: in ruwan anza ya fito daga rariyar gida, to akwai mai jin yunwa a ciki. Kuma ba a tambayar mutum kai tsaye, rufa masa asiri ake yi.

Balkisu, maƙwabciyarsu, mace mai tausayi da saurin hawaye da saurin baki, ita ta fara shigowa. Ta tarar Surayya tana lakwal, Inna tana tsugune gaban bahonta. Bayan doguwar gaisuwa ta matso ta rage murya.

"Inna, tsakaninki da Allah, Alhaji dai shina kula da ke?"

Da kowace irin tambaya ce da Inna Alheri ta amsa har ta ƙara. Amma wannan a kan ɗan fari ce. Ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta dubi ƙasa, ta ce, "Ruwan ga dai har yanzu shiru."

Balkisu ta san kunyar ɗan fari kamar kowa. Sai dai ta ga anza da idonta, ta shaƙi warinta, don haka ta ɗauki shirun a matsayin na uwar da ke rufa wa ɗanta asiri. Ta fita tana share ido, kuma kafin la'asar unguwa duk ta ji.

Daga nan abubuwa masu daɗi suka fara samun Inna. Ta ɗaga tabarma ta ga ƙullin gero. Ta dawo daga daji ta tarar da kwanon tuwo a rufe bakin ƙofa. Wannan ta aiko da fura, waccan da ɗan wake, kowa kuma cewa take ɗanɗano ne kawai. Inna Alheri ta yi farin ciki irin wanda ta daɗe ba ta yi ba. A tunaninta wa'azin da ta shekara tana yi ne ya fara kama mutane, unguwa ta koma rabon abinci kamar zamansu na daji. Ita ma ba ta bar kwano ya koma haka ba, takan cika shi da dafaffiyar anza, ta barbaɗa gishiri da yaji, ta mayar. Matan su buɗe su gani, zuciyarsu ta ƙara karyewa: ga baiwar Allah, ba ta da komai, amma ba ta yarda a fi ta kyauta ba.

Surayya ce ta kawo mata labarin, fuskarta ba walwala. Malam Hamani, limamin unguwa, ya ja Alhaji gefe bayan salla ya yi masa nasiha a kan haƙƙin uwa. Ya ce magana ta yi yawa, ana cewa Alhaji yana da hatsi har rufi, yana jiran ya ƙara tsada, uwarsa kuwa tana cin anza a bayan gidansa. Sai a lokacin Sa'adu ya gane dalilin da ya sa ake amsa gaisuwarsa a taƙaice, da dalilin da matan da suka saba awo wurinsa suka koma wata mangaza. A Dakoro ana iya cewa ɗan kasuwa mai tsada ne, ko mai taurin kai, ya ci gaba da zama cikin mutane. Amma wanda aka ce ya bar uwarsa da yunwa, ko a masallaci ba a son kafaɗarsa ta taɓa ta wani.

Da yamma ya zo ya durƙusa nesa da ƙofar ɗakinta, kansa a ƙasa. Surayya ta zauna tsakaninsu, ko da yake kowa yana jin kowa.

"Ki ce ma Inna don Allah ta bar anzar ga," in ji shi. "In akwai abin da na rage ta da shi, ta hwaɗi. Ni ban iya hita cikin mutane."

Inna Alheri ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kwanonin tuwon nan da ta yi ta murna da su, ashe kowanne zagi ne ga ɗanta, kuma ita ta jawo masa. "Ki ce mishi na ji," ta ce. "Na bari."

Ta kuwa bari. Ta jingine ƙugiya bayan ɗaki, ta kife ƙwarya. Kullum sai Sa'adu ya aiko da nama da shinkafa, a bi da su ta babbar ƙofa yadda kowa zai gani. Amma hakan bai wanke shi ba, sai ma ya ƙara. Yanzu cewa ake sai da Malam ya yi magana sannan ya tuna yana da uwa. Inna ta san maganin abin. Maganin shi ne ta fita ta tsaya tsakiyar lungu ta ce ɗanta bai taɓa gaza mata ba, shi ke nan. Ta sha ɗaura niyya, har takan kai bakin zaure, sai harshenta ya yi nauyi ta komo. Ta zauna cikin siminti tana cin nama tana ramewa. Ranar da aka sa wa ƙofar gida sabon makulli a gabanta ba ta ce uffan ba, Surayya ta tabbata abin ya kai inda ya kai.

Wata safiya bayan asuba ta ji sallama a ƙofarta. Ta leƙo ta ga Sa'adu tsaye cikin tsohuwar riga, ƙwaryarta a hannu ɗaya, ƙugiya a ɗayan.

"Inna, tashi mu tahi. Ni ban san hanya ba."

Ta waiwaya neman Surayya don ta isar da amsa. Surayya ta shige ɗaki ta ja ƙofa, kuma ba barci take ba. Inna ta ɗauki gyale ta wuce gaba, ya bi ta a baya.

Da suka bar gonakin ƙarshe, iska ta buɗe, ƙafarta ta dawo da saurinta na da, sai ga Alhaji mai mangaza yana haki a bayan tsohuwa. Ta fara da yi wa iska magana, cewa in wani bai duba gabansa ba ƙarangiya za ta gaishe shi. Kafin ta rufe baki wandonsa ya cika da ita. Da suka isa wurin anzar ya dinga tsinkar ɗanyu, haƙurinta ya ƙare, ta manta da komai.

"Kai, wa ya koya maka wanga aiki? Mai rawaya za ka ɗiba. Bar wannan, ba ta kai ba."

Shi ko a jikinsa, murmushi kawai yake. Shekararsa kusan arba'in, bai taɓa jin ta yi masa faɗa irin na uwa da ɗa ba, kullum ta bakin wani ne. A nan kuwa babu katanga, babu maƙwabta, babu wanda za a ji wa kunya. Wani damo ya fito daga ƙarƙashin itace, Alhaji ya yar da ƙugiya ya yi tsalle gefe, Inna ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Salularsa ta yi ƙara, ya duba, ya kashe ta ya mayar aljihu, ita kuwa ta gyaɗa kai kamar an yi abin da ya kamata tun da daɗewa.

Suka zauna inuwar wata aduwa suna tsotsar 'ya'yanta. Ya tambaye ta yadda babansa yake harbi. Ta ba shi labarin Jimrau da karnukansa, da ranar da ya bi zomo guda tun safe ya dawo da bushiya, da yadda yake waƙa in ya samu nama. Ta nuna masa sawun kurege, ta ɓallo masa ƙaro daga jikin itace ta sa masa a hannu. Rana ta yi sama ba su sani ba. Tunda ta zo Dakoro ba ta yi yini mai daɗin wannan ba.

Da za su shiga gari ta nufi lungun da ta saba bi. Ya ce, "A'a Inna, ta kasuwa za mu bi." Ya ɗora ƙwaryar anza a kansa, ya bi babbar hanya da ƙarangiya a wando, yana gaishe da kowa da suna. Masu shayi suka tsaya da kofi a hannu. Inna tana biye, gyale har hanci, kunya kamar ta kashe ta, daɗi kuma kamar ta yi guɗa.

Ruwan ɗaci ya sake bin rariya, unguwa ta rasa yadda za ta fassara shi. Da anzar ta gama jiƙa aka dafa, ranar kasuwa, Sa'adu ya roƙi a kai masa nasa can mangaza, kuma Inna da kanta ta ɗauki kwanon. Ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, buhunan hatsi jibge a bayansa, ya wanke hannu ya fara ci yana santi. Mutane suka taru. Malam Hamani yana wucewa, Sa'adu ya ce, "Bisimilla Malam. Yau Inna ka ciyar da ni." Malam ya zauna, ya kai loma guda, ya tauna a hankali, ya ce rabonsa da ita tun yana saurayi, kuma bai tuna tana da daɗi haka ba. Ya ƙara loma ta biyu ba a ce ya ƙara ba.

Balkisu ta kutso cikin taron da kwandon cefanenta, ta dubi kwanon, ta dubi buhunan, ta durƙusa gaban Inna idonta ya riga ya cika.

"Inna, ashe so kike yi? Mun ko ɗauki alhakin bawan Allah ga. Amma na tambaye ki, kin yi shiru."

Kowa yana jiran tsohuwa ta ja gyale ta yi zancen ruwan sama. Ita ma hannunta ya kai ga gyalen. Sai ta tuna muryarsa ranar da ya durƙusa ƙofarta, ta sauke hannun. Ba ta dubi inda yake ba, ƙasa ta duba, amma da ƙarfi ta faɗa yadda na baya ma za su ji.

"Yaron ga bai taɓa barina da yunwa ba, ko yini guda. Ɗan albarka na. Ni na haihe shi, ni na sani."

Tana faɗa ta juya ta bi hanyar gida da sauri kamar budurwar da aka kama tana zance, ko kwanonta ba ta tsaya ɗauka ba. Sa'adu ya zauna da hannunsa cikin anza, ya kasa kai wa baki. Malam Hamani ya ga ruwa yana bin gemun Sa'adu, ya kawar da kai, ya ce wa mutane su watse hakanan, a bar mutum ya ci abincin da uwarsa ta dafa masa.